Kunkurun Zanzibar da Kunyar 'Yar Fari

Zuwa ga uwargidana Hajiya Rabi, da ke kwance a maƙabartar Birmingham.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na ɗauki alƙalami ne saboda maganar da na kasa faɗa miki ranar Juma'a. Na zo, na yi miki addu'a, na share ganyen da ya zuba a kanki, na juya na hau bas. Jikarmu Nana ta ce in na rubuta za ta sa a shafin mutanenmu na nan Ingila. To, su karanta. Na tsufa da ɓoye-ɓoye.

Maganar ita ce, Likita tana so in tattara in koma wurinta a Manchester, kuma tana jiran amsa kafin sanyi ya shigo.

Kin san wadda nake nufi, 'yarmu ta fari. Ni da ke ba mu taɓa kiran sunanta ba, haka aka rene mu a Yawuri. Ana yaye ta aka miƙa ta ga Inna, mahaifiyata. Ban taɓa ɗaukarta ba, ban taɓa shafa kanta ba. In ta shigo gaisuwa, sai in amsa ina kallon bango. Da ta gama karatu na samu sauƙi, na riƙa ce mata Likita kamar kowa.

Bayan tafiyarki abubuwa sun canza a unguwarmu ta Lozells. Gwamnati ta tsuke bakin aljihu, hukumar birni ta rufe zauren da mu tsofaffi muke haɗuwa mu sha shayi. Matar da ke zuwa taimaka mini safe da yamma, yanzu da safe kawai take leƙowa, ko rigar sanyinta ba ta cirewa. Ba laifinta ba ne, wasu tsofaffin na jiranta. Kwanakin baya santsi ya kwashe ni a banɗaki, na kwana biyu a babban asibitin nan na Edgbaston. A can Likita ta same ni ta kawo zancen. Na ce mata uba ba ya zama a gidan 'yarsa, balle 'yar fari, kuma a ƙarƙashin rufin suruki. Wa zai yi mini wanka ranar da na kasa? Kuma wa zai riƙa zuwa wurinki?

Ba ta yi gardama ba, halinki ne ta ɗauko. Da na warware sai ta ce za su hutu Zanzibar, kuma da ni za a je.

Hajiya, ban san ruwa na da wannan launin ba. Wata safiya mai jirgi ya kai mu inda kunkurun teku ke kiwo. Ya ba kowa tabarau mai rufe hanci, da bututun da ake numfashi ta cikinsa, da rigar da ke hana nutsewa. Kafin mu sauka ya tsayar da mu ya yi mana gargaɗi, fuskarsa ba wasa. Kada a taɓa kunkuru, kada a bi shi, kada a jefa masa abinci. Kada a tsaya a samansa, domin da iska yake numfashi kamar mu, in an tare masa hanya zai wahala. A kwanta a gefe, daga nesa, a bar shi da sha'aninsa. Ya ce wasu jiragen kan bar baƙi su rungume shi don hoto, shi kuwa wanda ya yi haka zai koma tudu nan take.

Nana ta juyo da Hausarta ta Manchester, ta ce, "Kaka, ka ji ko? Ban da kamawa, wannan ba na miya ba ne." Na ce, "Amarya, ni da na yi iyo a kogin Kwara tun ba a haifi kakarki ba, ke ce za ki koya mini ruwa?" Ta ce ita ta fasa auren ma, angon ya cika cika baki.

Likita ba ta so in shiga ba saboda ƙirjina. Na shiga. Ta biyo ni ta kwanta a gefena.

Sai ga shi. Faɗinsa ya kai faranti na biki, yana tsinkar ciyawa a ƙasan ruwa a hankali, kamar tsohon da ba ya jiran kowa. Igiyar ruwa ta riƙa tura ni har na matso kusa fiye da yadda aka ce. Kin san yadda muke kama kififiya a kogi muna yara, ta baya, a damƙe gefen ƙoƙon. Wallahi ban yi niyya ba, hannun ne ya tuna aikinsa, ya miƙe da kansa.

Sai na ji an riƙe wuyan hannuna. Ita ce. Ta ja ni baya a hankali har muka ba shi fili, kuma ba ta sake ni ba. Ni ma ban fizge ba. Muna nan kwance a kan ruwa, ina jin numfashina yana gurnani a cikin bututu, kunkurun ya gama cinsa, ya taso ta gabanmu, ya fito da kai ya shaƙi iska, ya koma. Ko kallonmu bai yi ba.

Tafin hannunta irin naki ne, Hajiya, har kaushin nan na gindin yatsu. Tana da furfura yanzu, amma sai ranar na sani.

Da muka hau jirgi ta miƙo mini tawul, ta ce, "Baba, a goge kai." Na ce, "To, Likita." Shi ke nan abin da muka ce, har muka dawo.

Tun daga nan na rasa sukuni. In zauna, in tashi, in leƙa taga, in ɗora ruwan shayi in manta da shi. In buɗe akwati in rufe. Na ɗauki waya na ajiye ban san iyaka ba. Ina ta tunanin gargaɗin mai jirgin nan. Gaskiyarsa, kunkuru ba ya bukatar hannun kowa, nisa ne alherin da za ka yi masa. Mu ma da alheri muka ba yarinyar nan nisa, don kada a ce mun nuna son kai, kuma ban ce iyayenmu sun yi kuskure ba. Amma ita ba ta taɓa cewa tana son nisan ba. Ba wanda ya tambaye ta. Yanzu ta nemi abu ɗaya a wurina, ni kuma ba ni da sauran lokaci mai yawa da zan ce sai an jima.

Abin da ke riƙe ni ke ce. Daga Manchester ba zan iya zuwa kowace Juma'a ba, ƙafafun ba za su jure wahalar jirgin ƙasa ba. Ganye zai taru a kanki. Wannan ne na kasa faɗa ina tsaye.

Saboda haka izini nake nema, Rabi. Gobe in Allah Ya kai mu zan kira ta in ce ta zo da mota. Sharaɗi ɗaya zan kafa mata: ranar da tawa ta zo, a dawo da ni Birmingham, a nema mini wuri kusa da ke. Na san za ta riƙe alkawari, na ji yadda take riƙo.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki shi, Ya gafarta mana baki ɗaya. Allah Ya yi wa 'yarmu albarka, Ya ba ta haƙurin zama da ni, domin kin fi kowa sanin ba sauƙi gare ni ba. Ki yafe mini Juma'o'in da ba za ki ji takuna ba.

Mijinki, mai zuwa in an jima,
Garba