Na Zama Idon Marlys a Wasan Bankwana

Talata, 1 ga Oktoba

Joanne ta kawo tikiti biyu. Wai mawaƙan nan 'yan ƙungiyar Cinder Parish na zagayen bankwana, za su yi wasa nan Saginaw ranar sha ɗaya. Ta ajiye su kan tebur ta ce, "Baba, wannan karon ba ka da ikon rufe musu wasa." Uwarta, matata Marlys, ta yi dariya har da tari.

Shekara arba'in da uku ana yi mini wannan gori. A 1981, ina sufeton 'yan kwana-kwana, na tsayar da wasansu ana tsakiyar waƙa ta uku, don suna hura wuta dab da labule, ga ƙofar baya an ɗaure da sarƙa. Marlys na cikin mutum dubu huɗun da aka fitar. Ba mu san juna ba lokacin. Da ta gano ni ne, muna wata shida da fara soyayya, sati guda ba ta ɗaga wayata ba.

Har gobe ina kan bakana. Sarƙa fa, a ƙofa.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Ba zan je ba. Sai dai Joanne ta raka ta.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Shekaranjiya muka je asibitin ido. Likita ya ce idon Marlys na hagu ma ya bi sahun na dama. Tsakiyar duk abin da ta kalla ya dushe, gefe-gefe take gani, sai haske mai ƙarfi. A mota ba ta ce komai ba sai, "Tsaya mu sayi tuffa."

Yau bayan coci ta gasa kek ɗin tuffa da lalube, ta ƙi a sa mata hannu. Gishiri ya ɗan zarce. Na ci yanka biyu.

Laraba, 9 ga Oktoba

Wai an sa Joanne aiki ranar Juma'a, babu mai karɓar ta. Ina zargin haɗin baki.

Marlys na wanke kofi, ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, "Ba rakiya nake nema ba, Sufeto. Ido nake nema. Kai kuwa ba abin da ke wuce maka." Na ce ni ƙofofin fita kaɗai na iya kallo. Ta ce, "To fara da su."

Ta zaƙulo tsohuwar baƙar rigarta mai hoton ƙoƙon kai. Ta matse ta. Ta ce rigar ce ta tsuke.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Na sayo abin toshe kunne. Ni ta sa na zizara mata baƙin kwalli kewaye da ido tunda madubi ba ya mata amfani. Ta fito kamar wadda ta sha naushi. Ta ce haka ake so.

Asabar, 12 ga Oktoba

Jiya a zauren wasan na ƙirga ƙofa goma sha biyu, duk a sake. Na gaya mata, ta ce mun gode Allah.

Zauren cike da furfura da sanƙo da sanduna. Na kusa da ni ya zo da tukunyar iskar numfashi, fuska fara fat da fenti.

Da aka kashe fitilu ta riƙe hannuna. Na kai baki kunnenta na shiga ba da rahoto kamar ina bakin aiki: akwatin gawa na saukowa daga sama da igiya huɗu, ya buɗe, Orrin mawaƙinsu ya fito da doguwar hula da sanda.

"Ya tsufa?"

Na ce ya girme ni, yana ma ɗingishi.

"Ƙarya kake."

Na ce to, ɗingishin ma da yanga yake yin sa.

Sai wutar. Harshe shida suka tashi lokaci ɗaya, zafin ya iso mu har layi na ashirin. Ta matse mini yatsu ta ce, "Wannan na gani, Wendell. Yi shiru." Na yi shiru. Fuskarta na kalla. Kwallin duk ya zubo mata a kumatu.

Ban san lokacin da rahoton ya koma labari ba. Macijin roba mai tsawon bas ya ratsa dandamali. An ɗaga mai ganga sama da gangunansa yana juyawa. An yi kamar an sare kan Orrin, kan ya gangara, sai ga mutumin ya ɓullo ta bayan jama'a yana dariya. Na tsinci kaina ina ihu a kunnenta, ina nuna mata da yatsa, ita da ba ta gani. Wata mata a bayanmu ta dafa ni ta ce, "Bawan Allah, ƙara murya, mijina ma kai yake saurare."

A waƙar ƙarshe muryar Orrin ta ƙare. Ya miƙo wa jama'a makirfo, suka ƙarasa masa. Ya cire hular, kai ko gashi ɗaya babu, ya daɗe a sunkuye. Wannan ban iya faɗa mata nan take ba. Sai a mota.

Abin toshe kunnen yana aljihu, ban ko ɓare shi ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Kunnena na ta shuu. Marlys ta dishe, ta ce wa matan ƙungiyar waƙa ta coci mura ce. Ba wadda ta yarda.

Talata, 15 ga Oktoba

Ranar Asabar 'yan Cinder Parish na da wasa a Grand Rapids, daga nan su bar jihar. Tafiyar awa biyu ce. Marlys ba ta yi maganar ba, ina jin ba ta ma sani ba.

Ɗazu na kai mota aka canza mata mai, aka duba tayoyi. Dama lokacin ya kusa. Kuma wurin macijin nan na yi sauri da yawa, ban kwatanta mata shi yadda ya kamata ba.