Wa Zai Wanke Baba?

Hajiya Saratu, don Allah ki taimake ni da shawara. Na kai inda ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana a unguwarmu ba tare da ya yi mini dariya ko ya zage ni ba.

Ni direban trotro ne, wato motar haya, ina jigila tsakanin Nima da Madina. Mu huɗu ne a wurin mahaifinmu: maza uku, ni ne ƙarami a cikinsu, sai autarmu Zalia. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa. Baba kuwa, duk wanda ya san tashar Tudu a da ya san shi. Shi ne shugaban 'yan dako, buhun masara yake saɓawa a kafaɗa yana hira, amma a gida ko kofin da ya sha ruwa ba ya kawarwa. Haka ya rene mu. Ina yaro ya taɓa samuna ina taya Mama wanke tukwane, ya ja kunnena har tsakar gida, ya tambayi 'yan haya ko ɗa ya haifa ko 'ya.

Shekara biyu ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi a ɗakinsa na Maamobi. Ba ya tashi, ba ya iya riƙe fitsari ko bayan gida. Ba wanda ya zauna ya yanke cewa Zalia ce za ta yi jinya, kawai gari ya waye ita ke yi. Ita ke sayo ruwa a jarka, ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ke wanke zannuwan a tsakar gida kowa na kallo. Mu maza kuwa mu tura abin da ya samu ta waya. Ranar Juma'a mu zo da fararen kaya daga masallaci, mu zauna bakin gado mu yi ya jiki, mu tashi mu tafi bes, inda muke zama da abokai shan shayin ataya. A unguwa kuma mu ake yabo, wai 'ya'yan Alhaji sun riƙe ubansu.

Zalia ta samu gurbi a makarantar koyon aikin ungozoma can arewa. Bara ta roƙa aka ɗaga mata. Bana sun ce in ba ta je ba kafin ƙarshen watan gobe, gurbin ya tafi ke nan. Ba ta gaya wa ko ɗaya cikinmu ba, matata Mariatu ce ta tsegunta mini. Da na je na tambaye ta, dariya ta yi, ta ce wa za ta bar wa Baba, ta ci gaba da matse zane. Hajiya, na kalli hannuwanta. Yarinyar da ba ta kai talatin ba, omo ya cinye mata fata, in za ta miƙe sai ta dafa bango.

Sai na ce bari in gwada jinyar da kaina. Wata safiya na ba wani motar, na haɗa ruwan ɗumi, na shiga ɗakin. Na ɗauka faɗa zai yi, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ina kai hannu ga zanensa sai ya damƙe shi da hannun da ke motsi, ya juya fuska bango, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba, ko ranar da aka binne Mama. Da bakinsa da ya karkace ya ce in fita, bai haifi namiji don ya zo yana kwasar kashi ba. Ya ƙi abinci har washegari, sai da Zalia ta yi masa rantsuwa cewa ba zan ƙara ba.

Labari ya riga ni zuwa bes. Yanzu da na iso sai a tambaye ni ko na gama wanki, wani ya ce a nemo mini ɗankwali. Babban yayanmu Iddrisu ya kira ni ya ce na ci mutuncin tsoho. Ya ce karatu ba guduwa zai yi ba, in kuma dole ne Zalia ta tafi, to matanmu su karɓa bi da bi. Da na gaya wa Mariatu, wadda ke tashi tun kafin asuba don dama kokon sayarwa, ba ta ce a'a ba. Kallona kawai ta yi, na sunkuyar da kai.

Ni ma ba waliyyi ba ne. Warin ɗakin ya kusa sa ni amai, kuma da Baba ya kore ni, can ƙasan zuciyata na ji daɗi. Ina jin kunyar wannan. Ina da 'ya ƙarama, Wadia. Rannan na tarar tana goge wa 'yartsanarta jiki da tsumma, wai tana koyon aikin Anti Zalia ne saboda ranar da zan tsufa. Na fita na tsaya bakin kwata, na rasa inda zan sa kaina. Ba wannan nake so in bar mata gado ba.

In na nace, ina tsoron baƙin ciki ya ƙarasa ubana. In na yi shiru, ƙanwata za ta rasa gurbinta ina kallo. Wace irin mazantaka ce aka koya mana, da za mu iya ɗaukar buhu amma mu kasa ɗaukar ubanmu? Ya zan yi?

Wani direba daga Maamobi

*

Ɗana, na karanta wasiƙarka, kuma ba ni da magana mai daɗi da zan ba ka. Ina da dai wadda za ta yi amfani.

Mu fara da Baba. Hawayen nan ba na ƙiyayya ba ne. Mutum ne da duk darajarsa ta rataya a kan ƙarfin jikinsa, ƙarfin kuma ya tafi. A gaban Zalia bai jin ya faɗi, domin a ganinsa hidima aikin mace ne. A gabanka kuwa, kai da ya koya wa cewa namiji ba ya rusunawa, ji ya yi an tone shi. Ka tausaya masa. Amma tausayin nan ba Zalia kaɗai za ta ci gaba da biyansa da bayanta da karatunta ba. Shawarar Iddrisu ma ba magani ba ce, sauke kwano ne daga kan wata mace a ɗora wa wata. Kada ka ɗauke shi mugu, tsoron ɗakin nan yake yi kamar yadda kai ma ka yi.

Inda ka yi kuskure shi ne ka fara da abu mafi nauyi, kuma kai kaɗai, ba shiri. Ka koma ka fara da abin da tsoho zai karɓa daga hannun ɗansa: aski, yankan farce, taya shi alwala. Ɗebo ruwa da wankin zannuwa kuwa ba sa bukatar izinin kowa, daga gobe ku karɓe su. Ka nemo wanda Baba ke jin nauyinsa, limaminku ko wani tsohon abokinsa na Tudu, ya zauna da shi. Ku tambayi malamin da kuka yarda da shi wa ya fi dacewa ya ga tsiraicin namiji, ɗansa ko 'yarsa. Ina jin amsar za ta sa wasu yin shiru. Ku kuma nemi ma'aikacin jinya ya nuna muku yadda ake ɗaga mara lafiya da juya shi, ya gaya muku abin yi in ya sake ƙin abinci. Ku uku ne, kwanakin mako za su rabu.

Zalia kuma, a wasiƙarka ban ga inda wani ya tambaye ta abin da take so ba. Ka tambaye ta. In tafiyar take so, ka faɗa mata a fili cewa ta tafi, ba laifi ta yi ba. Ku nema mata albarkar Baba, amma kada ku mai da ita sharaɗi.

Ba zan yi maka alkawarin Baba zai sauko ba. Mai yiwuwa ya daɗe yana juya maka fuska, mai yiwuwa ma har ƙarshe. Wannan nauyi ne, kuma lokaci ya yi da namiji zai ɗauki rabonsa. 'Yan bes kuwa za su gaji. Da yawansu suna da irin ɗakin nan a gida, da wata Zaliyar a ciki.

Ga abin da za ka kai wa Iddrisu. Ranar da wa'adin Baba ya cika, za a fitar da Zalia daga ɗakin nan, maza ne za su shiga. Ku ne za ku naɗe hannun riga ku wanke jikin nan tun daga kai har ƙafa, ba kuma wanda zai nemo muku ɗankwali, 'ya'yan albarka za a kira ku. Wankan nan dole sai kun yi shi. Abin da ya rage muku kawai shi ne ko za ku fara tun yana iya jin ɗumin ruwan.

Allah ya ba Baba sauƙi, ya kai Zalia makaranta lafiya, ya sa Wadia ta girma ta tarar an raba aikin.

Hajiya Saratu