Hannun da Ba Ya Jin Sanyi

Bergen, 9 ga Janairu, 1887

Zuwa ga yayata Synneva,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Yaya Halvard da ɗiyata Gjertrud. Ki gaishe mini da surukarki, ko da ba za ta amsa ba.

Bayan haka, ranar Talata da safe ƙunshinki ya iso. Na kwance shi a kan gado, na tarar da gurasa da cuku da safar hannu. Sai na ɗauko ta bara na ajiye kusa da ta bana don in ga wadda ta fi kyau. Yaya, kamar ba hannu ɗaya ne ya saƙa su ba. Ta bara a matse take tun daga wuya har yatsu. Ta bana kuwa ta faro daidai, ta saki, ta matse, ta sake saki. A bakin ta hagu akwai ɗigon jini biyu da wanki bai fitar ba. Ko Gjertrud kika fara koya wa saƙa?

Mu nan gidan kutare muna nan yadda kika sani, kullum saƙar taru. Tsoho Ansten da muke ɗaki ɗaya ya ce tarun da yake saƙawa yanzu, kifin da ya shiga shi ya ga dama.

Litinin ta farkon wata likita yakan duba mu. Mukan jeru a benci a ɗakinsa, a kira mutum, a ɗaure masa ido, likita ya riƙa taɓa shi da gashin agwagwa. In ka ji, ka ce ka ji. Na lura kafin ya taɓa sai ya ja numfashi ta hanci, fiit, shi kansa bai san yana yi ba. Na faɗa wa Ansten. Watan jiya Ansten, wanda hannunsa ya mutu tun ban zo duniya ba, ya amsa duka goma daidai. Likita ya zare tabarau yana kallonsa. Gwaggo Brita daga benci ta ce, "Likita, sallame shi ya warke, mu ma mu huta da minsharinsa." Ansten ya ce, "In na tafi wa zai aure ki?" Har likita sai da ya dara.

Idona na hagu ya fara ƙin rufuwa duka. Ana ɗiga mini mai, ina ɗaure shi in iska ta taso. Likita ya ce wataƙila ya tsaya nan, wataƙila ya ci gaba. Ba ya yi mana ƙarya, shi ma bai sani ba.

Ki huta lafiya. Ni ne ƙanenki,
Sjur

Kvalnes, 20 ga Fabrairu, 1887

Zuwa ga autanmu Sjur,

Gaisuwa da fatan alheri. Duk muna lafiya, haƙoran Gjertrud biyu na gaba sun faɗi, tana yawo da wawulo tana nuna wa kowa.

Kai dai ba ka canza ba! A aiko maka da kyauta ka zauna kana ƙirga mata aibu kamar mai sayen saniya. Gjertrud shekararta shida, wace saƙa za ta yi? Ni na yi abata, cikin sauri, fitila ba mai. Jinin kuma na kifi ne ko na allura, wa ya sani. In ba ka so ka ba wa tsohon nan mai neman aure.

Bari ka ji labari mai daɗi. Kifi ya shigo bana kamar ba a taɓa yi ba, kwale-kwale har suna neman nitsewa. Mako uku muna bakin ruwa muna feɗewa muna zuba gishiri. Ka san yadda sanyin nan yake, mata su yi ɗan aiki su ruga wajen wuta suna hura yatsu suna hawaye. To ni bana ko sau ɗaya ban je wajen wutar ba. Hannuna na cikin ruwan gishiri tun safe har duhu. Marta ta gidan tudu ta ce, "Synneva, ke hannun nan naki na itace ne?" Na ce, "Na 'yar Kvalnes ne, ku naku na matan birni ne." Halvard sai yawo yake yana faɗa wa maza ba wanda ya auri irin matarsa. Surukata ma, wadda ka sani, ta zuba mini kofi da hannunta ta ce in zauna kusa da ita. Shekara takwas ina jiran wannan kofin, Sjur.

Ka riƙa ɗaure idon nan, kar ka yi taurin kai. Ubangiji ya tsare mini kai.

Yayarka,
Synneva

Bergen, 6 ga Maris, 1887

Zuwa ga yayata Synneva,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Na yi kwana huɗu da wasiƙarki kafin in iya ɗaukar alƙalami. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, ni ban iya lanƙwasa magana ba.

Yaya, hannun da ba ya jin sanyi ba ƙarfi ne da shi ba. Kin tuna shekarar da na fara fita teku da Baba? Ni ma haka aka yabe ni. Ina jan igiya ba safa, ƙanƙara na zuba, Baba yana cewa ɗansa namiji ne. Ke kika fara ganin tafina ya tsage ban sani ba. Duk wanda yake gidan nan daga tsibiranmu, in kin tambaye shi, da yabo abin ya faro masa.

Kina naɗa zare a ƙaramin yatsanki na hagu in kina saƙa, haka Inna ta koya miki. Shi yake gaya miki ya yi tauri ko ya saki. Ya daina gaya miki, shi ya sa safar ta fito haka. Irin sakin nan nake gani kullum a tarun Ansten.

Ban ce ki je wurin kowa ba. Ciwon nan kamar yanayin teku yake. Akwai wadda ya taɓa wa yatsu biyu ya kwanta shekara ashirin. Akwai wanda ya cinye cikin uku. Abin da yake gutsure yatsu kuwa ba ciwon ba ne shi kaɗai, ƙuna ce da yanka da ba a ji ba. Don haka kar ki ɗauki tukunya sai da tsumma. Ki taɓa ruwan wanka da gwiwar hannu. Kowace yamma ki duba tafinki da idonki kamar kina neman kwarkwata a kan Gjertrud. Ki laluba bayan gwiwar hannunki, in kin ji jijiya ta yi kauri kamar igiya, ki faɗa mini. Ki sa madubi ki ga ko ƙyasfi ya fito a bayanki.

Ki ƙona wannan takardar in kin karanta. In kin ji haushina, na ɗauka.

Ƙanenki,
Sjur

Kvalnes, 2 ga Afrilu, 1887

Zuwa ga Sjur, ƙanen matata,

Bayan gaisuwa, ni ba mai rubutu ba ne, don haka zan taƙaita.

Wasiƙarka ta iso Synneva tana rijiya. Mahaifiyata ce ta karɓa, kuma da yake idonta bai gani sosai, ta kai wa Marta ta karanta mata. Kafin Lahadi babu gidan da bai ji ba. A coci bencinmu mu kaɗai ne a kai. Yara sun daina wasa da Gjertrud. Magana ta kai ga likitan gunduma, ya zo, ya duba, ya ce shi bai tabbatar ba, sai an kai ta Bergen wurin likitanku. In aka rubuta sunanta a littafin kutare, mahaifiyata ta rantse Synneva ba za ta ƙara kwana ɗaki ɗaya da Gjertrud ba. Ka san inda za ta ƙare ke nan, gidan da kake.

Magana zarar bunu ce. Ban ce ka yi da mugunta ba, amma matata lafiyarta ƙalau, duk Kvalnes sun ga aikinta bana. Wanda ya daɗe cikin masu ciwo, kowa ya kalla mai ciwo yake gani. Za mu zo a jirgin farkon Mayu. Ina roƙonka in mun zo ka kama bakinka.

Ubangiji ya ba ka lafiya.
Halvard Nilsson

Kvalnes, 17 ga Afrilu, 1887

Sjur,

Ina gaishe ka. Ban yi fushi ba, na dai yi kuka, ya wuce.

Jiya butar kofi ta tafasa na sauke ta. Gjertrud ce ta ce, "Mama, hannunki na wari." Na duba, ashe ya ƙone ban ji ba. Ban faɗa wa Halvard ba, na ce wuƙa ce, na ɗaure.

Shekararta shida, auta. Ba ta iya tsefe kanta ba tukuna. Shekara goma nake nema, ko takwas, har ta tsaya gaban fasto a tabbatar da ita a coci. Bayan nan su rubuta ni a duk littafin da suke so.

Na sake karanta wasiƙarka ta Janairu har sau uku. Ka gaishe mini da tsoho Ansten.

Yayarka,
Synneva

Bergen, 4 ga Mayu, 1887

Zuwa ga yayata Synneva,

Gaisuwa da fatan kun isa gida lafiya, teku bai wahalar da ku ba. Wannan ta hannun Ola mai kwale-kwale za ta zo, ya yi alkawari ba zai miƙa wa kowa ba sai ke.

Kin tafi da takardar da ta ce ba a ga kome ba, ki dawo baɗi. Na yi murna, Allah ya sani. Amma ina kan benci ranar Litinin, idona na dama kuma har yanzu yana aiki.

Kin amsa bakwai daidai, kina bin numfashinsa. Sai dai likita mura yake yi. A na takwas ya juya zai tsoma alƙalami a tawada, ya ja hanci, gashin yana sama, tsakaninsa da hannunki ya kai taƙi. Kika ce, "Na ji." Shi idonsa na kan littafi, bai gani ba.

Maganar ta zo mini har baki. Na san in kika zauna nan za a riƙa duba miki hannu da ido kowane wata, can kuwa ba mai dubawa. Na kuma tuna wawulon Gjertrud. Sai na haɗiye. Ban san ko na kyauta miki ba, kuma ban ga ranar da zan sani ba. Abin da na roƙe ki a Maris yana nan: tsumma, gwiwar hannu, madubi. Ki ci gaba da aiko mini da safa duk Kirsimeti, ko ta yi muni, da ita zan riƙa duba ki muddin idon nan yana gani. Ranar da na ga ta ƙara saki, zan rubuto in ce ki zo, ke kuma ki zo.

Kar ki ɗauka ke kaɗai kike ɗauke da abin nan. Ba ni kaɗai na gani ba. Gwaggo Brita ta gani, ita ce ta hau yin tari na ƙarya har likita ya juya kanta. Ansten ya gani da rabin idonsa, ya damƙe mini gwiwa. Halvard ma ya gani. Yana tsaye bakin ƙofa, ya kalli gashin, ya kalli hannunki, ya cire hularsa ya sunkuyar da kai. Da kuka fito, shi ya karɓi ƙunshin kayanki daga hannunki na hagu.

Ki huta lafiya. Ni ne ƙanenki,
Sjur