Mun Taka Har Sintali

Talata da dare, unguwar Majidaɗi

Ƙafafuna na zugi, amma raina fes.

Tun da likita ya ce hawan jinin maigida sai da motsa jiki, 'yarmu Rahila ta sa masa manhaja a waya, mai tsara wa mutum tafiya daidai ƙarfinsa. Bai daɗe ba ya daina. Duk wanda ya gan shi a ƙasa sai ya taka birki: "Oga, mota ta lalace ne? Shigo mana." Kunya ta ishe shi.

Da manhajar ta tambayi dalili, ni na rubuta mata gaskiya. Ta ce ya nemi abokin tafiya da wurin zuwa.

Yau da yamma na ce, "Baban Rahila, tashi mu je Sintali mu gai da yayarka." Da mai keke ya tsaya mana, shi da kansa ya ce, "Mun gode, tare nake da madam."

A dawowa yana haki, sai na rage sauri kamar ni ce na gaji. Ya gane. Sai a bakin ƙofa ya ce, "Maman Rahila, gobe wa za mu gaisar?"