Ni da Shirun Ɗakin Jarrabawa

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, musamman autarki mai cizon mutane. Ya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Mu nan lafiya lau. Baba yana samun sauƙi, har ya koma faɗa da rediyo.

Yaya, gara ki ji daga bakina kafin Umma ta kira ki da kuka: ba zan zauna jarrabawar gama sakandaren nan ba. Na fasa. Kada ki ce komai sai kin gama karantawa.

Kin san tun da ciwon Baba ya fitar da ni daga makaranta na shiga shagon kafintoci, ban taɓa ajiye littafi ba. Duk abin da mai tsofaffin littattafai ya baza a bakin titi na karance shi, har wanda ɓera ya ci rabinsa. A kan buhun garin katako nake karatu, injin yanka yana ihu a dama, Dogo abokin aikina yana buga guduma a hagu, yana waƙar da shi kaɗai ya san kanta. A haka na koyi lissafi, a haka na haddace abin da 'yan makaranta ke kuka a kansa.

To, ranar Asabar malamin ajin yamman da nake zuwa ya yi mana gwaji irin na gaske. Ya jera mu, ya raba takardu, ya rufe ƙofa, ya ce kada wanda ya yi ko tari. Yaya, ban taɓa jin abu mai nauyi irin shirun nan ba. Ina jin agogon bango, ina jin biron yarinyar da ke gabana yana gudu, ina jin zuciyata kamar ana buga mini ƙusa a ƙirji. Na dubi tambayar farko. Wallahi na san ta, ranar Alhamis ma na yi wa Dogo bayaninta yana hamma. Amma kaina ya zama fanko. Tafin hannuna ya jiƙe har takardar ta yi laushi, numfashi ya nemi gagarata, na miƙe. Malam ya ce, ina zuwa, babban yaya? Yaran suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Kin san bakina. Na ce masa da ya iya koyarwa kamar yadda ya iya tsaron ƙofa, da tuni duk mun zama likitoci. Na fice.

Tun ranar abinci ba ya shiga, in na buɗe littafi sai in rufe shi. Ni da nake zagin masu takardar shaida ina cewa kansu babu komai, ashe akwai abin da suka iya ban iya ba: zama. Ba tausayi nake nema ba. Ki dai lallashi Umma, don ta riga ta shaida wa duk maƙwabta ɗanta zai gama sakandare.

Ki gaida mutan gidan duka.

Ƙaninki,
Barkono

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya, kuma zazzaɓin babban yaron ya sake shi. Umma ta ce ki daina tsayuwa da yawa a kan ƙafar nan.

Wasiƙarki ta iso. Na ga inda kika kira ni matsoraci mai babbar murya. Na yi fushi, na huce, na sake karantawa, na sake fushi. Wannan na yafe. Abin da ban yafe ba shi ne kiran Maigida, mai shagonmu, da kika yi a bayan idona. Mutumin da ke kirana Farfesa don tsokana, mai cewa littafi bai taɓa haɗa ƙofa ba, shi kika kai wa sirrina?

Ji abin da kika jawo. Ranar Litinin da rana, muna tsakiyar aiki, sai ya kashe injuna duka. Na ɗauka wuta aka ɗauke. Ya share wani tebur da hannun rigarsa, ya ajiye takardar tambayoyi da ya je da kansa ya karɓo wajen malamin da na yi wa rashin kunya, ya cire agogonsa ya ɗora. Ya ce daga yau kullum za a yi shiru a shagon nan har Farfesa ya gama, wanda ya yi magana shi ke shara. Dogo ya ce, Maigida, ko numfashi? Ya ce ka fara, ɗauki tsintsiya.

Na zauna don kada in ba shi kunya. Abin ya dawo kamar na ranar Asabar, har ya fi. Na ture kujera zan fita, sai na tarar da shi a bakin ƙofa, ya gitta katako. Na ce kurkuku aka buɗe? Bai ɗaga murya ba. Ya ce, koma ka zauna, ko ba ka rubuta komai ba, zauna har lokaci ya cika. Ya ce sabon yaro in yana tsoron zarto riƙe numfashi yake yi, a nan ne yatsa ke tafiya. In saki numfashin a hankali kamar ina tura katako cikin inji.

Na koma ina zaginsa a zuci. Ban rubuta ko harafi ba, gumi na zuba. Amma Yaya, wani abu ya faru da ban taɓa tsayawa na gani ba. Abin ya hau, ya hau, na ce yanzu zan faɗi, sai ya fara sauka da kansa. Ashe yana da iyaka. Ni ne kullum nake gudu kafin ya kai.

Washegari na amsa rabi. Yanzu ina kusan gamawa. Wata mata ta zo karɓar ƙofarta, Maigida ya ɗora yatsa a baki ya nuna mata benci, ta zauna tana hararar kowa, ƙarshe ta tafi tana mita. Dogo kuwa shara ta zama tasa ta gado.

Na je na ba malam haƙuri. Bai yi daɗin faɗa ba, amma na faɗa. Kada ki yi murna tukuna, ban ce na warke ba. Na dai ce zan je.

Naki,
Barkono

Yaya tawa,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jiki? Mu nan sai godiya. Baba ya ce in gaya miki addu'arsa ce ta yi aiki, Umma ta ce tata ce, na bar su suna yi.

Yau aka fara. Ɗakin ya fi na ajin yamma girma nesa ba kusa ba, tebura jere har ƙarshen bango. Kafin a shiga na ga wata mata da ta kusa haifata a bakin famfo tana amai. Na miƙa mata ruwa. Ta ce, ɗana, kai ma? Na ce ni ma. Muka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Da aka ce a fara, shirun ya sauko mini a ka. Na ajiye biro. Na ga ƙofa, na ga hanya a buɗe, ba mai gitta katako a nan. Ba zan ɓoye miki ba, har na zame ƙafa ɗaya waje. Sai na dafa teburin, ya yi gefe. Yaya, wanda ya haɗa teburin nan ya kamata a kama shi: ƙafa ɗaya gajeriya, ƙusa a karkace, ko gogewa bai yi ba. Na zauna ina zagin wannan kafinta da ban sani ba, ina sakin numfashi a hankali, har abin ya kai ƙarshensa ya sauka. Na naɗe hankicina na cusa ƙarƙashin gajeriyar ƙafar teburin, na fara rubutu.

Lokaci ya tafi da yawa a wannan kokawa. Tambayar ƙarshe na san ta sarai, ina tsakiyarta aka ce a ajiye biro. Haushi ya kama ni, maganganu suka taru a bakina, amma na haɗiye su, na miƙa takardata kamar kowa. Sai da aka buɗe ƙofa na fita.

Matar nan ta same ni a waje, ido jawur, ta ce ba ta yi abin kirki ba, ba ta jin za ta dawo. Ni da bakina bai saba da lallashi ba, na ce mata, in ba ki zo gobe ba ni ne zan zama tsohon ɗakin, kada ki yi mini haka. Ta ce to, sai goben.

Ban san ko na ci ba, kuma kada ki tambaye ni. Tsoron bai tafi ba. Gobe lissafi. Na ce wa matar in na riga ta zan jira ta a bakin ƙofa, don haka dole in yi sammako.

Ki shafa mini kan yara. Allah ya ƙara miki lafiya.

Ƙaninki da har yanzu yake jin haushinki kaɗan,
Barkono