Teburin Senyor Anselmo

Lisbon, 7 ga Afrilu

Kaka Graciete,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gwiwarki, yaya kajinki? Mu duk lafiya. Tunda muna hutu ina taya Baba aiki a shagon kofi, kuma na shiga wani hali.

Wata baƙuwa ta fara zuwa, sunanta Mutinta, daga Zambiya. Takan sayi kofi ɗaya da safe, ta buɗe kwamfuta, ba ta tashi sai rana ta take. Tana magana da mutanen da ke cikin allon, har da dariya. Wai aikinta ke nan, ofishinsu yana can ƙasarsu. To wa ke sanin ta zo aiki ko ba ta zo ba? Ina so in tambaye ta, na kasa.

Matsalar ita ce teburin jikin taga take zama, don nan kaɗai ake sa caji. Kin san wurin dattijon nan Senyor Anselmo ne tun rasuwar matarsa. Ranar farko ya tsaya a kanta, ta yi masa murmushi ta ci gaba da aiki. Ya juya ya fita. Yau kwana shida bai leƙo ba, maƙwabciyarsa ta ce ko burodi bai fito saye ba.

Baba ya ce, “Benedita, Turancin da ake koya miki na ado ne? Je ki gaya mata.” Sau uku ina zuwa, sai in goge teburin kusa da ita in dawo.

Ki sa ni a addu’a.

Jikarki,
Benedita

Lisbon, 11 ga Afrilu

Kaka,

Da fatan kina lafiya. Na gaya mata! Ina magana ina kallon ƙasa. Ta dafe kai ta ce, “Wayyo! Kujerar dattijo nake kai kuka zuba mini ido? Da a gida ne da uwata ta ja mini kunne.” Ta rufe kwamfutar ta ce in kai ta gidansa.

Yana buɗe ƙofa ta durƙusa tana tafa hannu a hankali. Ashe haka suke gaida manya. Ya firgita ya ce mini, “Yarinya, faɗuwa ta yi? Kira likita!” Na yi masa bayani. Ya ce, “Gaya mata ta tashi, ni ba waliyyi ba ne.” Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗauko hularsa ya biyo mu.

Yanzu yana kujerarsa, ita tana fuskantarsa, wayar cajin ta bi ta ƙarƙashin ƙafarsa. Jiya ya leƙa allon, shugabanta da ke ciki ya tambaye ta ko wane ne. Ta ce, “Mai teburin ne.” Da na fassara masa, ya gyara zama ya ce wa Baba, “Kawo mata kek. Amma ta rage surutu, jarida nake karantawa.”

Ki gaida Goggo Ilda.

Jikarki mai kewarki,
Benedita