Ni na tura likita ɗakin matar aure, wani aka fasa wa kai

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi, ina gajiya, yaya tsadar rayuwa? Don Allah a ɓoye sunana, kuma a ji ni zuwa ƙarshe kafin a fara tsine min.

Ni ma'aikacin lafiya ne a yankin Gwarzo, kuma ba yabon kai ba, daga Getso zuwa Kabo babu namijin da ya kai ni zuciya. Na taɓa yi wa bijimi tsawa ya durƙusa. Da mai ya yi tsada likitoci suka rage zuwa ƙauye, sai aka ba mu horo kan duba marar lafiya ta waya: kai ka riƙe na'ura, likita yana Kano yana kallo yana magana. Malamar da ta ba mu horon ta ce kada a shigar da na'urar gidan aure sai maigida ya yarda, kuma mace ce za ta riƙe. Ta maimaita, ni ina baya ina ba mutane dariya.

Ranar gwaji aka haɗa ni da abokin aikina, Malam Tanko, mutum salihi, muka je wani ƙauye kusa da Durun duba wata mai jego. Maigidan yana gona. Tanko ya ce, "Yallaɓai, mu jira shi mana." Na ce, "Haba Tanko, na'urar nan gilashi ce fa, gilashi yana da muharrami?" Na kunna na'urar, na miƙa wa surukarta tsohuwa ta shiga da ita. Muka zagaya inuwa.

Jama'a, mutumin nan ya dawo da fartanya a kafaɗa, ya ji muryar ƙato a ɗakin matarsa tana cewa, "Kwanta ki nuna min inda yake ciwo." Wa zai tsaya tambaya? Ya taka na'urar ta tarwatse, ya fito idonsa jawur, ya ci karo da Tanko. Ƙotar fartanya ya sauke masa a ka. Na ji ƙarar kamar an fasa ƙwarya. Jini ya wanke farar rigarsa, ya tare da hannu, hannun ya karye, yana ta "Wallahi likita ne!" maƙwabta suna ƙara masa. Ni kuwa? Ina cikin gonar dawa a kwance, ina jin komai, ban ɗaga kai ba.

Wannan ma ba shi ne abin kunyar ba. Da shugabanmu ya tambaya, na ce Tanko ne ya tura na'urar. Ya musa, amma ni ne babba, ni aka yarda da shi. An dakatar da shi, kuma ranar Litinin za a zauna a kore shi, ga 'ya'ya bakwai. Idan na faɗi gaskiya ni za a kora. Idan na yi shiru, da wane ido zan tsaya sahu ɗaya da shi a masallaci? Ku gaya min, me zan yi kafin Litinin?

Jiya na kai masa lemo. Ya daɗe yana kallona ta ƙarƙashin bandeji, sannan ya ce, "Yallaɓai, da wannan tumbin naka, ban taɓa zaton kana da gudu haka ba."